Kuɗin da Ba Shi da Rasit: Lissafin Jinyar Shanyewar Ɓarin Jiki a Ƙasar Maska

(KIƊAN BUƊE SHIRI, SANNAN A SASSAUTA)

Mutanen Maska da Funtuwa, na Bakori da Ɗanja, na Ɗandume da Ƙafur har zuwa Malumfashi, da wanda ya rataye rediyonsa a reshen ɗorawa yana noma, da wadda ke tsakar gida tana tankaɗe, sannunku da aiki.

Yau lissafi za mu yi. Wanda ya gudu daga ajin lissafi kada ya kashe rediyo, don wannan kowa ya iya shi. Duk wanda ya taɓa kai hatsi kasuwa ya san rigimar awo ba a kan hatsin take ba, a kan mudun take. Wani ya cika har ya tare da hannu a gefe, wani ya shafe bakin kwano, kuma kowanne ya ce maka tiya guda ya auna. To haka masana tattalin arzikin kiwon lafiya suke fama idan aka tambaye su: nawa ciwon shanyewar ɓarin jiki yake ci? Amsar tana ga mudun da aka ɗauko. Ni kuwa abin da ya dame ni shi ne, mudun da aka fi aunawa da shi ya yi wa gidajenmu kaɗan.

Mu fara da ciwon kansa, a gurguje. Ƙwaƙwalwa da jini take rayuwa. Idan jijiyar da ke kai mata jini ta toshe, ko ta fashe jini ya malala, sashen da abin ya shafa yakan fara mutuwa nan take. Shi ya sa baki ke karkacewa, hannu da ƙafa na gefe guda su saki, harshe ya sarƙe. Akwai wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan da abokan aikinsa. A 2018 suka fitar da sakamako kan mutum 2,118 da ciwon ya kama, bayan sun gwada su da sa'anninsu masu lafiya. Matsakaicin shekarun marasa lafiyar 59. Kusan ɗaya cikin huɗu bai kai hamsin ba. Kusan ɗaya cikin uku fashewar jijiya ce ta kayar da shi. Kuma kimanin kashi 91 cikin 100 na wannan bala'i suna komawa ne ga abu guda: hawan jini.

Ku riƙe shekarun nan a ranku. Mai shekara hamsin da 'yan kai a ƙasar Maska ba tsohon da ya ajiye fartanya ba ne. Shi ne mai gandu, shi ke riƙe da makullin rumbu, shi ke yanke wace gona za a sa masara, wace za a bar wa waken suya ko auduga.

(KIƊA KAƊAN)

Ba zan kama sunan kowa ba. Mu ƙaddara wani magidanci ne a ɗaya daga ƙauyukan da ke kewaye da Maska. Damina ta zauna, an gama firi, masara na jiran taki na biyu. Da asuba ya ɗauki buta, butar ta suɓuce. Ya buɗe baki zai kira uwargida, magana ta ƙi fita.

Kuɗi na farko da za su fita daga gidan nan ba asibiti za su je ba, mu faɗa wa juna gaskiya. Za a ce iska ce ta buge shi, ko an yi masa jifa. A kira mai tofi, a kira wanzami ya yi ƙaho, a aika yaro kemis. Sai hantsi ya dubi ludayi a ga abin ba sauƙi, sannan a nemi mota. Idan kuwa cikin dare abin ya faru, a yadda tsaro yake a wasu hanyoyinmu, dole a jira gari ya waye. A Funtuwa a yanki kati, a ba da gado, a auna jini, a auna suga, a sa ruwa. Likita ya ce sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, wanda ake kira siti sikan, domin da ido ba a rabe toshewa da fashewa, kuma maganin ɗaya guba ne ga ɗayan. Sau da yawa hoton nan shi ke ɗaga iyali ya miƙa su hanyar Giwa zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Kano, ko Katsina. Mota kuma shata ce, don mutumin da ba ya iya zama ba a cusa shi cikin fasinja.

Bayan sati biyu ko uku aka sallame su. Yanzu a ce ga wata matashiya mai bincike ta zo da takardar tambayoyi. Ta durƙusa ta gaida uwargida, ta ce:

"Inna, don Allah nawa kuka kashe a ciwon Baba?"

Inna ta shiga ɗaki ta ɗauko wata baƙar leda cike da takardu, ta ce: "Ga su nan, 'yar nan. Duk abin da aka rubuta mana yana ciki. Sauran kuwa sai Allah."

Wannan "sauran" shi ne shirinmu na yau.

Abin da ke cikin ledar, masana na kiransa kuɗin magani na kai tsaye: gado, gwaji, hoto, allura, ƙwayoyi, robar fitsari, gashin ƙashi. Shi ne mafi sauƙin ƙirgawa, amma ko shi ɗin da wuya ya cika. Mai binciken da ya tsaya a fayil ɗin asibiti ba zai ga maganin da aka rubuta aka ce a je waje a sayo ba. Shi ya sa ake da hanya biyu. Wasu daga sama suke farowa: su ɗauki abin da asibiti ko gwamnati ta kashe a shekara, su yanko rabon wannan ciwo. Wasu daga ƙasa suke farowa: su bi mara lafiya ɗaya bayan ɗaya, suna rubuta duk abin da ya fita. Ta farko ta fi sauri. A ƙasar da mutane ke biyan fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihunsu, kamar Najeriya, ta biyu ce ke kusa da gaskiya, don yawancin kuɗin ba su taɓa ratsawa ta baitulmali ba balle a gan su a littafin gwamnati.

Kaso na biyu shi ma kuɗi ne tsaba, amma ba a ba shi rasit. Shatar mota. Abincin masu jinya uku da suka kwana a barandar asibiti. Katin waya. Sabulu, omo, famfas na manya, leda ta shimfiɗa, sandar dogarawa, keken guragu. Abin da aka ba mai tofi da wanzami, wanda Inna ba za ta faɗa wa ma'aikaciyar lafiya ba don kada a yi mata faɗa. Har da 'yan dubiya. Kada a ce na ƙi zumunci, dubiya lada ce kuma tana ƙarfafa zuciya. Amma duk wanda ya taso daga Malumfashi ko Kaduna ya biya mota, kuma gidan da ya sauka sai an ɗora tukunya. Gudummawar da ya kawo ta rage wa gidan nauyi, sai dai ba ta soke kuɗin ba, ta dai sauya aljihun da suka fito.

Wannan maganar aljihu ita ce tambayar farko da kowane bincike na ƙwarai yake amsawa. Da idon wa ake lissafin? Da idon asibiti, ko na hukumar inshora, ko na gidan mara lafiya, ko na al'umma baki ɗaya? Ranar da aka sallami Baba, a littafin asibiti an rufe lissafi, har an samu gado. A littafin Inna kuwa ranar aka buɗe shi.

(KIƊA)

Wata Ba'amurkiya mai suna Dorothy Rice ce ta shimfiɗa wannan salon lissafi a 1966, inda ta raba abin da cuta ke ci gida biyu: kuɗin da aka kashe, da dukiyar da aka rasa saboda mutum ya daina aiki ko ya mutu da wuri. Tun daga nan ake ta gyara mudun. Ku ji abin da ya fito da aka auna da babban mudu. Masana a Jami'ar Okasfod ta Ingila sun lissafa abin da shanyewar ɓarin jiki ta ci a ƙasashen Turai 32 cikin shekarar 2017, suka samu Yuro biliyan 60. A ciki, asibiti da magani biliyan 27. Gidajen kula da gajiyayyu da makamantansu biliyan 5. Asarar aiki biliyan 12. Jinyar da iyali suka yi a gida ba tare da an biya su ba, awa biliyan 1.3, aka ƙiyasta ta a biliyan 16.

Wato a Turai ma, inda akwai motar asibiti da inshora da gidajen jinya, kuɗin asibiti bai kai rabi ba. To ina ga Maska, inda gidan jinyar shi ne ɗakin uwargida?

Bari mu daɗe a ɗakin nan, don nan ne mudun ya fi yoyo.

Mutumin da ɓarinsa ya shanye, a watannin farko sai an tayar da shi, an zaunar, an yi masa wanka, an kai shi bayan gida ko an sa masa fo. Sai an juya shi kamar kowane awa biyu, dare da rana, in ba haka ba gyambon kwanciya ya huda masa ƙugu, shi kuma gyambon wata sabuwar jinya ce da nata kuɗin. Abinci sai an dama da kauri daidai, an ba shi a zaune a hankali, don idan ya ƙware ya shiga huhu, ciwon huhu ne zai maida shi asibiti. A ce duka wannan awa 6 ne a rana. A shekara awa 2,190 ke nan. Ɗan ƙwadagon da ke shiga gona da safe ya tashi azahar, kusan haka yake yi. Wato daidai da a ɗauki ɗan ƙwadago kullum, shekara guda cur, ba Juma'a ba Sallah.

Yaya za a sa wa wannan farashi? Masana na da dabara biyu. Ta farko su ce: me mai jinyar ta bari don ta yi jinya? In tana soya awara ko ƙuli-ƙuli, ko tana dama fura yara na kai mata talla, sai a lissafa ribar da ta tsaya. Ta biyu su ce: da za a ɗauko wani a biya shi ya yi wannan aiki, nawa za a ba shi? Kowacce da raminta. Ta farko tana maida jinyar matar da ba ta da sana'a tamkar kyauta, alhali bayanta ciwo yake yi kamar na kowa. Ta biyu kuma tana neman farashin kasuwar da babu ita, don a ƙauyenmu wa ya taɓa ɗaukar ɗan haya ya yi wa mahaifinsa tsarki? Ga kuma wata matsalar: Inna tana girki tana leƙen Baba. Wannan awar ta girki ce ko ta jinya?

Amma babban abin da ke ɓoye aikin nan shi ne kunya da kara. Ka tambayi matar Bahaushe awa nawa take yi a kan mijinta, sai ta ce: "Haba, Malam ne fa. Ai ba aiki ba ne, lada nake nema." Gaskiyarta, Allah Ya ba ta. Sai dai ni a ganina ƙirga awannin ba ya rage ladan ko da ƙwayar gero. Rashin ƙirgawar ne ke cutar da ita. Abin da aka rubuta masa sifili, ba mai ware masa kasafi. Ba za a horar da ma'aikacin lafiya ya zo gida ya nuna mata yadda ake ɗaga mutum ba tare da ta karya ƙugunta ba, ba za a kawo mai gashin ƙashi kusa ba, tunda a takarda komai lafiya lau, an sallami mara lafiya.

Akwai kuma yarinyar gidan, 'yar shekara goma sha uku, da aka ce ta ɗan dakata da makaranta har Baba ya samu sauƙi. Kowa ya san ƙarshen wannan "ɗan dakata". Binciken da ya bi gida wata uku kawai ba zai taɓa ganin wannan asarar ba.

(KIƊA KAƊAN)

Sai gona. Hanyar da aka saba, wadda ta taso tun zamanin Dorothy Rice, ita ce a ɗauki albashin mutum a ninka da kwanakin da ya rasa, in ya mutu kuma a ninka da shekarun da suka rage masa na aiki. Ga ma'aikacin masaƙar Funtuwa ko malamin makaranta, wannan mai yiwuwa ne. Manomi fa, ina albashinsa? Kuma kwanakinsa ba ɗaya ba ne. Kwana goma a watan Maris, a gindin bishiya zai yi su. Kwana goma a watan Yuli, lokacin maimai da taki na biyu, su ne shekarar baki ɗaya. Masarar da ta wuce lokacin takinta ba ta jiran kowa ya warke. Kuma kuɗin takin ma su ne aka fara ɗauka aka biya shatar mota. Ciwo guda, nauyi guda, amma na damina da na rani ba farashinsu ɗaya ba.

A 1995 wasu masana a ƙasar Holan suka ce waccan hanya tana kumbura lissafi, domin idan ma'aikaci ya kwanta, bayan 'yan watanni kamfani zai ɗauki wani daga masu neman aiki, don haka a ƙirga ɗan tsakanin nan kawai. A Holan maganar tana da kai. A gandu kuwa, wa ke maye gurbin? Babban ɗa ne, da zai bar karatunsa a Zariya, ko ya ajiye acaɓarsa a Abuja ya dawo gida. Gurbin gona ya cika, amma an buɗe wani a can, kuma kuɗin da yake aikowa duk wata sun tsaya.

Yanzu ga wani tarko da nake so masu sauraro su gane, musamman ɗalibanmu na kiwon lafiya. A 2012 an wallafa wani ɗan ƙaramin bincike a Najeriya da ya ƙiyasta kuɗin kula da wanda ya samu wannan ciwo a makonni 36 na farko: kimanin Naira 95,100 a asibitin gwamnati, Naira 767,900 a asibitin kuɗi. A canjin lokacin, Dala 600 da Dala 4,860. Wani zai ɗauki wannan adadi ya aza kusa da na Turai ya ce, ashe ciwon da araha yake a Najeriya.

Ba araha ba ce. Da farko, Nairar 2012 ba ita ce ta yau ba. Lokacin Dala tana kusan Naira 158. Bayan an cire tallafin mai a Mayun 2023, aka saki Naira a watan Yuni, Dala ta haura 1,500 a 2024, magani da mota suka bi ta. Duk adadin da ba a faɗi shekararsa ba, kamar a ce maka "buhu" ne ba a ce na mene ne ba. Na biyu, kuma wannan ya fi muhimmanci: bincike yana ƙirga abin da aka kashe ne, ba abin da ya kamata a kashe ba. Wanda aka ce ya yi hoto ya ce ba hali, a takarda jinyarsa ta yi araha. Wanda 'ya'yansa suka sa hannu suka fitar da shi kwana huɗu don kuɗi sun ƙare, ya fi araha. Wanda ya cika a mota kafin a kai Giwa, shi ne mafi arahar duka. Wanda kuwa ba a taɓa kai shi asibiti ba, yana can ƙuryar ɗaki shekara biyar, ko a cikin lissafin ba ya. Ƙaramin adadi a wurinmu sau da yawa sunansa rashi.

Shi ya sa masana suka ƙaro wani ma'auni: ba nawa aka kashe ba, wane kaso ne na abin da gida yake da shi? A ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi amfani da shi a baya, idan kuɗin lafiya ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da gida ke kashewa ko samu, an shiga jinya mai karya gida. Mu faɗe shi da harshenmu. Gidan da duk abin da yake samu a shekara ya kai darajar buhu 40 na masara, da zarar jinya ta ci fiye da buhu 4, an ƙetare layin. Ku da kanku ku auna: jinyar ɓarin jiki tana tsayawa a buhu huɗu?

Kuma yadda ake samo kuɗin ma wata asarar ce. A fara da tumakin uwargida, a kwashi adashi, a ci bashin da za a biya da kaka, wanda zai tilasta a sayar da masara lokacin da kasuwar Ɗandume ta cika ta batse, farashi na ƙasa. Sannan a kai ga shanun huɗa. Daga ƙarshe a jinginar da gona. A takardar bincike, sayar da sa "hanyar samun kuɗi" ce kawai. Ba a rubuta cewa baɗi ba huɗa, ba taki, amfani zai ragu da rabi, kuma ba ciwon da za a ɗora wa laifin a lokacin.

(KIƊA)

Wani zai ce, duk wannan ƙirge-ƙirge me zai ƙara wa mara lafiya? Ga amfaninsa. Kuɗin gwamnati ba su isa komai da komai, dole a zaɓa. Masu zaɓen kuma da ma'auni suke aiki. Tun 1993, a wani rahoton Bankin Duniya, aka fito da ma'aunin da ake kira DALY, wanda ke haɗa shekarun da mutuwar wuri ta yanke da shekarun da aka yi cikin nakasa. Sai a tambaya: Naira miliyan guda, a ina za ta ceto shekarun lafiya mafi yawa? A na'urar hoto? A ɗaki na musamman na masu wannan ciwo, wanda bincike ya tabbatar yana rage mutuwa da nakasa? A masu gashin ƙashi? Ko a ƙwayar hawan jini?

Idan da ƙaramin mudu aka auna ciwon, riga-kafi sai ya yi kamar ba shi da riba, tunda abin da zai hana kashewa ya fito kaɗan. Idan aka zuba awannin Inna, da masarar da ta lalace, da karatun yarinya, da san da aka sayar, lissafin juyewa yake yi. Ƙwayar amlodifin guda a rana tana cikin mafi arahar magunguna a kemis. A 2020 aka fara wani shirin daƙile hawan jini a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun, inda ma'aikatan lafiya na matakin farko ke aunawa su ba da magani bisa tsari mai sauƙi, ba sai an ga babban likita ba. A Kano ɗin dai, binciken da aka yi a asibitin Malam Aminu Kano da wasu asibitoci kan yara masu sikila, waɗanda su ma wannan ciwo ke kamawa, ya nuna a 2022 cewa ƙaramin awo na maganin haidiroksiyuriya yana kare yaran da gwaji ya nuna suna cikin haɗari kamar yadda matsakaicin awo ke yi. Ga iyalin da ba za su iya ƙarin jini duk wata ba, wannan ba ƙaramin labari ba ne.

A duniya kuwa, kwamitin masana da Ƙungiyar Yaƙi da Shanyewar Ɓarin Jiki ta Duniya ta kafa tare da mujallar Lancet Neurology ya yi hasashe a 2023 cewa masu mutuwa da ciwon za su tashi daga miliyan 6.6 a 2020 zuwa miliyan 9.7 a 2050, mafi yawansu a ƙasashe irin namu.

A gida muna da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko. Muna da dokar inshorar lafiya ta 2022 da ta wajabta shiga, muna da hukumar inshorar lafiya ta KATCHMA a Jihar Katsina. Duk wanda ke da hali ya je ya yi tambaya, ya kuma tambaya dalla-dalla: maganin hawan jini yana ciki? Hoto fa? Gashin ƙashi sau nawa? Abin da ake sawa a cikin irin wannan tsari daga alƙaluman bincike yake fitowa, alƙaluman kuma daga bakin Inna.

(KIƊA KAƊAN)

Kafin lokaci ya cim mana, ga abin da ke rage lissafin tun daga tushe. Duk wanda ya kai shekara talatin ya riƙa auna jininsa, ko ba ya jin komai, don hawan jini ba ya sallama. In ana ta samun 140 bisa 90 ko sama, a ga ma'aikacin lafiya. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye don ya ji garau, jin garau ɗin aikin maganin ne. Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokalin shayi a yini, kuma dunƙulen miya da kanwa suna cikin lissafin. Binciken SIREN ya samu cewa masu cin ganye kullum sun fi tsira, ga zogale da rama da alayyafo a bayan ɗaki.

In kuwa aka ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko da na minti biyar ne ya wuce, mota za a nema nan take. A babbar toshewa, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa duk minti, kuma allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi take aiki. A yi addu'a a cikin mota. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu, zai iya ƙwarewa. Kada a ba shi asfirin kafin likita ya gani. A kwantar da shi ta gefe, a riƙe lokacin da abin ya fara, don shi likita zai fara tambaya.

Gidan da kuma ake cikin jinya yanzu, ina roƙon abu guda. A sayi littafi mai ganye arba'in, a ba yaron da ya iya rubutu, ko da ajami ne. Kowane shafi a ja layi uku. Layin farko, kuɗin da suka fita da abin da aka saya, har da na mota, har da na mai magani, ba kunya. Na biyu, wa ya yi jinya yau, daga yaushe zuwa yaushe, kuma me ya bari. Na uku, abin da aka sayar ko aka ranto, da farashin buhun masara a wannan satin, don ko Naira ta sauya, buhu yana nan. Ranar taron 'yan'uwa a fito da shi, wanda ke birni ya ga abin da na gida ke ɗauka. Ranar da mai bincike ta yi sallama, a haɗa mata da baƙar ledar nan.

Lokacinmu ke nan. Masu kwance a gida da na asibiti, Allah Ya ba ku lafiya. Masu jinya, sannunku. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)